Ƙashi ya yi fari fat a hoton asibiti: lafiya ce ko cuta?

Idan mutum ya je asibiti aka ɗauki hoton bayansa ko ƙugunsa, takardar sakamako ta fito da bayanin cewa ƙashin ya yi tauri da kauri fiye da yadda aka saba gani, murna zai yi ko fargaba? Yawancinmu murna za mu yi. Tun muna yara ake yi mana huɗubar shan madara don ƙashi ya yi ƙwari, kuma cutar ƙashin da ta fi yin suna ita ce zaizayewarsa a jikin tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada. Wasu kuwa da zarar sun kwafi kalmar da ke jikin takardar sun saka a intanet, suka ga an ambaci ciwon daji, shi ke nan barci ya ƙaurace musu. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Farin da ke cikin hoto alama ce kawai, kuma abubuwan da ke haifar da ita sun kama daga ɗan tabon da mutum zai kai shekara 90 da shi bai san yana nan ba, har zuwa cutar da ke makantar da jariri kafin a yaye shi. A yankinmu kuma akwai wani dalili da ba a cika kawo shi a rai ba, wato ruwan da ake sha.

Yadda ƙashi ke wuce kima

Ƙashi ba busasshen abu ba ne. Kullum ana rushe shi ana sake gina shi, ta yadda babban mutum ke sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa a shekara. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki. Masu rushewa suna manne wa tsohon ƙashi su zuba masa asid ya narke, masu gini kuma su biyo baya su cike gurbin da sabo. Da wannan ne jiki ke share ƙananan tsagewar da tafiya da ɗaukar kaya ke jawowa, da shi ne kuma ake rarake tsakiyar ƙashi a samar wa ɓargo wurin zama, a buɗe wa jijiyoyi ƙofofin wucewa a ƙoƙon kai.

Saboda haka hanya biyu ce ƙashi ke bi ya cunkushe: ko masu rushewa su gaza, ko masu gini su zarce. A hoton eksire duka biyun fari suke fitowa, domin kalsiyam ne ke tare hasken na'urar, duk inda ya taru da yawa wurin ya fi haske. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ingancin ginin. Ƙashin da ba a rushe tsohonsa yakan zama kamar alli: ga tauri, amma da ka ɗan lanƙwasa shi sai ya ɓalle gida biyu.

An taɓa gwada wannan a kan mutane, ba da nufin hakan ba. A 1990 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi na ba wa mata masu zaizayewar ƙashi sinadarin fuloraid har shekara 4. Ma'aunin kaurin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 35 cikin 100, abin da ya isa a yi shewa. Sai dai karayar ƙashin baya ba ta ragu yadda ake fata ba, karayar sauran ƙasusuwa ma ƙaruwa ta yi. Daga nan tauraron wannan magani ya fara dusashewa, likitoci kuma suka ƙara koyon cewa lambar da na'ura ta bayar ba ita ce lafiyar ƙashi ba.

Cutar ƙashin marmara

Shekara 9 kacal bayan Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, wani likitan hoto a birnin Hambug na Jamus, Albers-Schönberg, ya ba da bayanin wani saurayi mai yawan karaya wanda ƙasusuwansa suka fito fari fat, babu alamar ramin ɓargo. Wannan ce cutar da likitoci ke kira ostiyofetrosis, wadda aka fi sani da cutar ƙashin marmara. Ta gado ce, kuma laifin yana wurin ƙwayoyin rushewa.

Tana da fuska biyu masu nisa da juna. Mai sauƙin ana gadonta daga uwa ko uba kaɗai, tana samun kusan mutum 1 cikin 20,000, wasu ma sai an ɗauki hotonsu don wani dalili dabam ake ganinta. Damuwarsu ita ce karaya, ciwon baya, da ruɓewar muƙamuƙi bayan cire haƙori. Likitocin ƙashi ba sa son cin karo da ita a ɗakin tiyata, domin bakin na'urar huda ƙashi yakan yi zafi ko ya karye kafin ya ratsa, sannan karayar takan daɗe ba ta haɗe ba. Mai irin wannan ƙashi ba na wurin mai ɗori ba ne.

Mai tsananin ita ce ta jarirai, kusan 1 cikin haihuwa 250,000, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon, alhali su kansu lafiyarsu ƙalau. A irin wannan aure kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4, lissafi iri ɗaya da na sikila. Kusan rabin masu wannan nau'i matsalarsu na cikin ƙwayar gado mai suna TCIRG1, wadda ke taimakawa wajen fitar da asid ɗin nan. Tunda ƙashi ya cike wurin ɓargo, jini ba ya samuwa, sai hanta da saifa su kumbura suna ƙoƙarin cike gurbi. Ƙofar da jijiyar gani ke bi ta ƙuntata, yaron ya daina bin fuskar uwarsa da ido. Idan ba a yi magani ba, galibinsu ba sa kai shekara 10.

A nan ne nake ganin haɗarin a ƙasarmu. Jariri mai ƙarancin jini da kumburin saifa da yawan zazzaɓi, a Kano ko Damagaram, abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne maleriya ko sikila, kuma da gaskiyarsu, su ne suka fi yawa. Amma idan gwajin sikila ya nuna babu, aka yi ƙarin jini sau biyu sau uku, ga kuma gani yana raguwa, hoton ƙirji ɗaya tak zai iya tona asirin cutar. Maganinta dashen ɓargo ne, domin a shekarun 1970 wani mai bincike, Donald Walker, ya nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin rushewa daga zuriyar ƙwayoyin jini suke, kuma a 1980 aka wallafa nasarar dashen a jikin wata jaririya a Minnesota. Dashen yana tsayar da cutar, amma ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi, shi ya sa watanni kaɗan na jinkiri ke da tsada.

Dole maganar auren zumunci ta shigo, domin an fi ganin cutar a al'ummomin da ke yawan yin sa. Auren ba shi ke ƙirƙiro cutar ba, yana dai ƙara damar haɗuwar masu ɗauke da ƙwayar gado iri ɗaya. Gidan da aka rasa yara biyu ko uku da alamomi iri ɗaya ya kamata su faɗa wa likita haka tun a zaman farko.

Darasin Tibiri

Cututtukan gado ba su da yawa. Wanda ya fi shafar jama'a da yawa a lokaci guda shi ne yawan fuloraid a ruwan sha. Sinadari ne da ke cikin wasu duwatsu, yana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba shi da launi ko wari ko ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori daga ruɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita. Idan aka wuce haka shekara da shekaru, yana shiga cikin ginin ƙashi, ya zaburar da ƙwayoyin gini su yi ta tara ƙashi marar tsari.

A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa wa gari famfo. Ruwa garai-garai, kowa ya yi murna. Shekaru suka shuɗe kafin a gane cewa fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka iyakar nan fiye da sau uku. Kafin lokacin dubban yara haƙoransu sun yi tsatsa, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu sun gwame ko sun lanƙwashe, wasu kawunansu sun yi girma. Har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. A Najeriya ma an auna fuloraid mai yawa a ruwan wurare kamar Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe, inda jan haƙori ba baƙon abu ba ne. Haka abin yake a wasu sassan arewacin Kamaru, da babban kwarin Rift da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, da jihohi da dama na Indiya.

Zafin ƙasarmu yana ƙara wa abin nauyi. Manomin da ke shan lita 5 a rana lokacin bazara yana haɗiyar ninki biyu ko fiye na abin da Bature ke haɗiya daga ruwa mai ma'auni iri ɗaya. Wani bincike da aka yi a Senegal aka wallafa a 1988 ya yi wannan ƙorafi, cewa iyakar 1.5 ta yi yawa ga ƙasashe masu zafi. Ƙarancin kalsiyam a abinci shi ma yana tsananta cutar, kuma shi ya sa hoton yaro ke rikitarwa: wani wuri ya cunkushe, wani wuri ya yi laushi har ya lanƙwashe.

A jikin manya cutar takan fara da ciwon gaɓoɓi da sanƙarewar baya, sai a ce sanyi ne ko tsufa, a yi ta shan maganin kashe zafi. Ma'aikatan lafiya a ƙauyukan Indiya suna da gwaji mai sauƙi: su ce mutum ya taɓa ƙirjinsa da haɓarsa, ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba, ya miƙe hannuwa ya kai tafukansa ƙeya. Wanda ya kasa, a garin da yara ke da tabon haƙori, sai a tura shi hoto. Hoton da ya fi faɗin gaskiya kuwa ba na baya ba ne, na hannu ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ƙasusuwa biyu ne a jere a wurin, tsakaninsu akwai wata tantani da ba ta fitowa a hoto, don haka gurbin baƙi ya kamata ya kasance. Idan ka ɗaga hoton mai wannan cuta ka haska, za ka ga wasu fararen tsinkaye masu kaifi sun tsiro daga gefen ƙasusuwan suna neman haɗewa a tsakiya. Tantanin ce ta fara zama ƙashi. Haka ke faruwa da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓin baya, kuma idan abin ya yi nisa sukan matse laka har ƙafafu su mutu. Ana tabbatarwa da auna fuloraid a fitsari da kuma a ruwan da mutumin ke sha.

Sauran abubuwan da ke sa ƙashi fari

Mai sikila yana iya samun fararen tabo nan da can, domin duk inda jini ya toshe ƙashi ya mutu, jiki yakan lulluɓe wurin da sabon gini. Kan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, shi ya fi shan wahala, gaɓoɓin baya kuma sukan lotsa a tsakiya su yi siffar harafin H. Mai ciwon ƙoda da ya daɗe, musamman mai zuwa wankin ƙoda, gaɓoɓin bayansa kan fito da ratsi-ratsi, fari sama da ƙasa, duhu a tsakiya. Gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, tana barin farin layi a ƙarshen dogayen ƙasusuwan yara, kusa da gwiwa, ko da yake gwajin jini ne ke yanke hukunci a kanta.

Sai wanda kowa ke tsoro. Yawancin ciwon daji idan ya kai ƙashi cinye shi yake yi ya bar rami, amma na furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, gini yake sa a yi. Wani lokaci na nono ma haka. Dattijo mai shekara 65 da ke fama da ciwon baya mai tada shi cikin dare, yana rama, fitsari na yi masa gardama, hoto kuma ya nuna fararen tabo a ƙugu da baya, wannan ba abin jira ba ne. Gwajin jini na PSA, mai nuna halin da furostet ke ciki, ake fara yi masa.

Yadda likitan hoto ke rarrabewa

Likitan hoto ba farin kawai yake kallo ba. Yana duba ko ya game jiki ne ko wuri ɗaya ne, ko dama da hagu sun yi daidai, ko a bangon ƙashi yake ko a cikinsa, sannan ya dubi shekarun mai hoton. A cutar ƙashin marmara gaɓoɓin baya kan yi fari sama da ƙasa da iyaka tsaf, ana kuma ganin surar ƙaramin ƙashi a cikin babba, ƙarshen ƙashin cinya ya buɗe ya yi fāɗi. Akwai wata cuta, meloriyostosis, da likitocin Faransa suka bayyana a 1922, inda ƙashi ke taruwa a gefe ɗaya na hannu ko ƙafa kamar narkakken kyandir ya gangaro ya daskare. Galibi ba gadonta ake yi ba, kuma sai a 2018 aka gano cewa a jikin masu ita da yawa sauyi ne ke faruwa a ƙwayar gado mai suna MAP2K1 a wannan wurin kaɗai. Akwai kuma ostiyofoikilosis, wadda ba ta cutarwa: ƙananan ɗigo-ɗigo zagayayyu da ke taruwa kusa da gaɓoɓi a dama da hagu. An sha tsorata masu ita da maganar daji, har a kai ga yanko nama, alhali tsarin ɗigon kaɗai ya isa bayani.

Kowace na'ura da inda ta fi ƙarfi. Eksire ita ce ta farko, mafi araha, kuma a yawancin waɗannan cututtuka ita ke ba da amsa. Siti sikan na nuna ƙuntatar ƙofofin jijiyoyi a ƙoƙon kai, tana kuma auna taurin tabo da lamba, kuma abin mamaki tabon da ba ya cutarwa ya fi na daji tauri. MRI ba ta amfani da hasken eksire, ɓargo da laka da jijiya take gani, shi ya sa take kama mutuwar kan ƙashin cinyar mai sikila tun eksire bai nuna komai ba. Sai hoton da ake yi bayan allurar wani sinadari mai fitar da haske, wanda ke taruwa inda gini ke gudana: tabon daji yakan haskaka, ɗigon da ba ya cutarwa galibi ya yi shiru. Wannan ba ko'ina ake samunsa ba, sai manyan cibiyoyi irin Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Na'urar DXA mai auna kaurin ƙashi kuwa tana iya yaudara, domin mai cutar fuloraid zai fito da maki mai kyau ƙwarai.

Likitoci kansu suna da saɓani kan iya inda za a tsaya. Wasu na ganin duk farin tabo a bi shi har ƙarshe, gudun kada daji ya kuɓuce. Wasu na cewa hakan na jawo kashe kuɗi da fargaba da yawan hasken siti sikan ga wanda lafiyarsa lau. A ganina, a ƙasar da majiyyaci ke biyan komai daga aljihunsa, abin da ya fi rage ɓarna shi ne cike takardar neman hoto yadda ya kamata. Sau da yawa abin da ke kai wa likitan hoto shi ne "ciwon baya" kawai. Da an rubuta garin da mutum ya girma, irin ruwan da yake sha, rukunin jininsa na sikila da halin ƙodarsa, da rabin ruɗanin ya kau ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Iyalan da ƙashinsu ya ba da magani

Akwai nau'i guda da ya saɓa wa duk abin da aka faɗa. A cikin Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan akwai wasu iyalai masu cutar sikilerostiyosis, ƙashinsu ga kauri ga ƙarfi, da wuya ya karye. Amma ƙoƙon kai yakan yi ta kauri har ya matse jijiyoyin fuska da na ji, ya kuma takura ƙwaƙwalwa. Akwai makamanciyarta a garin masunta na Urk a Holan. A 2001 aka gano cewa jikinsu ba ya samar da wani furotin mai suna sikilerostin, wanda aikinsa taka wa ƙwayoyin gini birki. Danginsu masu ɗauke da rabin gadon kuwa ƙashinsu na da kauri ba tare da cuta ba. Daga nan masu haɗa magani suka ƙirƙiro allurar romosozumab mai toshe wannan furotin, aka amince da ita a Japan da Amurka a 2019 don masu zaizayewar ƙashi. Wata-wata ake yin ta har shekara guda, kuma tana ɗauke da gargaɗi ga masu tarihin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wani maganin da aka gina kan wata cutar taurin ƙashin dabam, odanacatib, kamfanin Merck ya jingine shi a 2016 saboda ya ƙara haɗarin shanyewar jiki.

To, man goge baki fa?

Tun da jihohin Utah da Florida na Amurka suka hana zuba fuloraid a ruwan famfo a 2025, saƙonni suka yi ta yawo a WhatsApp cewa man goge baki guba ne. Muhawarar can dabam ce. Su kan abin da hukuma ke ƙarawa da gangan suke jayayya, kusan miligiram 0.7 a lita, ƙasa da rabin iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, masu goyon baya na kafa hujja da lafiyar haƙoran yaran talakawa, masu adawa na maganar 'yancin zaɓi da tsoron illa ga ƙwaƙwalwar yara. Mu namu daga ƙasa yake fitowa, babu wanda ya zuba, kuma a wasu wurare ya ninka nasu sau da yawa. Man da aka goge baki aka tofar ba shi ke sanƙarar da baya ba. A dai sa wa ƙaramin yaro ɗan kaɗan, a hana shi haɗiyewa.

Abin da ya fi cancantar surutu shi ne rijiyoyin burtsatse da ake ta haƙawa, na gwamnati, na 'yan siyasa, na sadaka, ba tare da an kai ruwan ɗakin gwaji ba. Tafasawa ba ta cire fuloraid, tana ma ƙara tattara shi, tace ruwa da ƙyalle ko zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ma ba sa taɓa shi. Hanyoyin da ke aiki su ne sauya rijiya, gauraya ruwan da wani mai ƙarancin sinadarin, tara ruwan sama, tacewa da gawayin ƙashi, ko dabarar Nalgonda ta Indiya mai amfani da alam da farar ƙasa. Idan aka sauya ruwa ciwon gaɓoɓi kan lafa, ƙashi kuma ya riƙa sakin sinadarin a hankali cikin shekaru, amma tabon haƙori da ƙafar da ta riga ta lanƙwashe ba sa komawa da kansu. Tabon yana samuwa ne lokacin da haƙori ke ginuwa a cikin dasashi, kafin shekara 8, don haka unguwar da 'yan firamare da yawa ke da jan haƙori ko fari-fari a haƙoran gaba, mai unguwa da kwamitin rijiya su ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta su kai hukumar ruwa ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa, su ce fuloraid suke so a auna musu.